Tsufa a Zango: Wa Ke Riƙe Farke Idan Ƙafa Ta Gaza?

Ɗalibin Hausa kan fara sanin kalmar zango da ma'anarta ta asali, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana kafin ya ci gaba. Amma wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Sotubuwa da Sokode har Dapaong a arewacin Togo, zai ji ta da wata ma'ana: unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa da suka zauna dindindin. Tsakanin ma'anonin nan biyu akwai tarihin mutanen da suka yada zango da niyyar kwana kaɗan, sai tsufa ya riske su a can.

A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta ƙasar Bargu da Jugu, su keta ƙasar Kotokoli, su nufi Salaga a Gwanja don sayen goro. Unguwar Didawure, wadda a yau take cikin Sokode, ta bunƙasa ne a kan wannan hanya. Tafiyar ta watanni ce, kuma aikin mai jini a jika. Farken da gwiwarsa ta fara ciwo, ko idonsa ya dushe, ba zai iya bin madugu ba. Danginsa kuwa, waɗanda a al'ada su ne za su yi jinyarsa, suna can ƙasar Hausa.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar maigida. A zango ba mijin uwargida kaɗai take nufi ba. Maigida shi ne mai masauki: yana saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki a bashi. Ƙarƙashinsa akwai yara, kuma yaro a nan ba batun shekaru ba ne, don mai furfura ma yana iya zama yaron wani. Maigida kan ba yaronsa jari, sau da yawa ya yi masa aure. Abin da ba a rubuta ba, amma kowa ya sani, shi ne ranar biya tana zuwa. Idan ƙarfin maigida ya ƙare, yaran da ya ɗaga su ne masu kai masa cefane, su raka shi masallaci, su tsaya a kan gawarsa. Baƙon da ya tsufa ba shi da kowa kuma yakan ci daga tukunyar gidan da ya fara sauka. A ganina, wannan bashin alheri ya riƙe zango fiye da yadda ribar goro ta riƙe shi. Sai dai kada mu ƙawata abin fiye da kima: a wancan zamani yawancin aikin jinya, daga wanki zuwa dama kunu, yana wuyan mata ne da bayi, kuma su tarihi bai ajiye sunayensu ba.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta, da yawa suka koma Kete-Krachi, wadda ta shiga hannun Jamusawan da suka kafa mulki a Togo. Cikinsu har da Imam Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubucin waƙa da Hausa da Larabci. Bai koma Kano da zama ba. Ya tsufa a tsakiyar almajiransa, ya ga mutuwar ɗansa Alhaji Labbu har ya yi masa marsiyya, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Ga malamin zango, almajirai su ne yaran.

Mutuwa a baƙunta tana da nata nauyin. Ana binne mamaci a inda ya cika, ba jinkiri, limamin zango ya yi masa salla. Labari kuwa sai ayari na gaba ya kai shi gida, don haka mace a Kano takan iya jin rasuwar mijinta bayan watanni. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, ta zama hanyar da maƙwabta ke cike gurbin dangi. Matar da ya bari a zango takan yi takaba wata huɗu da kwana goma, matan unguwa suna leƙa ta da abinci.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba Togon Jamus: Kete-Krachi ta faɗa hannun Ingilishi, Sokode ta faɗa hannun Faransa, zangunan da ke auratayya suka wayi gari da iyaka a tsakaninsu. A 1977 kuma hukuma ta tashi tsohon Zangon Lome daga tsakiyar birni zuwa bayan gari ta arewa. Masanin Faransa Michel Agier, wanda ya yi bincike a kan 'yan kasuwar wannan zango, ya fitar da littafinsa a 1983, kuma dangantakar maigida da yaransa ce ƙashin bayan abin da ya tarar har a lokacin.