Butan: Sarkin da Ya Miƙa Mulki Ba a Roƙe Shi Ba

A yawancin ƙasashe talakawa ne ke matsa wa masu mulki lamba kafin a ba su damar zaɓe. A Butan kuwa, sarki ne ya yi ta lallashin jama'arsa su karɓi dimokuraɗiyya. Wannan 'yar ƙaramar masarauta tana cikin tsaunukan Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, kuma mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba.

An naɗa sarkinta na farko, Ugyen Wangchuck, a 1907. A 1910 ya ƙulla yarjejeniya da Turawan Ingila: ba za su sa baki a harkokin cikin gida ba, shi kuma zai bi shawararsu a hulɗa da ƙasashen waje. Da Turawa suka tafi, Indiya ta gaji wannan matsayi ta yarjejeniyar 1949.

Sarki na uku, Jigme Dorji Wangchuck, shi ya fara buɗe ƙofa. Ya kafa majalisar ƙasa a 1953, ya hana bauta, sannan a 1961 ya ƙaddamar da shirin raya ƙasa na shekara biyar na farko da kuɗin Indiya. A lokacinsa aka gina hanyar mota daga iyakar Indiya zuwa Timfu, babban birni. A 1971 Butan ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ɗansa, Jigme Singye Wangchuck, ya hau karaga a 1972 yana ɗan shekara 16. Bayan shekara uku Indiya ta haɗiye Sikkim, wata masarauta maƙwabciya da ita ma ke ƙarƙashin kariyarta, bayan rikici tsakanin sarki da 'yan siyasa. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sarkin Butan ya bi abin sannu a hankali. A 1998 ya miƙa tafiyar da gwamnati ga majalisar ministoci, a 1999 aka ƙyale talabijin da intanet, a 2006 ya sauka ya bar wa ɗansa gadon.

A 2007 aka sabunta yarjejeniya da Indiya, aka cire batun bin shawararta. A shekarar ce aka yi zaɓen gwaji da jam'iyyun ƙarya masu sunan launuka, don mutane su koyi jefa ƙuri'a. Launin rawaya, na gidan sarauta, shi ya yi nasara. Ranar 24 ga Maris 2008 aka yi na gaske, jam'iyyar Jigme Thinley ta lashe kujeru 45 cikin 47. Tsarin mulkin wannan shekara ya ce sarki zai sauka idan ya kai shekara 65. Tun daga nan, a 2013 da 2018 da 2024, mulki ya sauya hannu cikin lumana.

Ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasar lantarki ne. Tashoshin Chukha da Tala suna amfani da ruwan da ke gangarowa daga tsaunuka, ana sayar wa Indiya wutar. A 2023 Butan ta fita daga jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba.

Sai dai mai karatu ya sani, labarin yana da tabo. A farkon shekarun 1990 mutanen kudu masu jin yaren Nefal, kusan 100,000, suka ƙare a sansanonin gudun hijira a Nefal, wasu an kore su, wasu sun gudu. Dogaro da Indiya ma bai ƙare ba: gab da zaɓen 2013 ta janye tallafin gas da kananzir, gwamnati mai ci ta faɗi. A yau matasa masu ilimi suna tururuwa zuwa Ostareliya neman aiki.

Sarki ya ba da ƙuri'a tun yana da ƙarfin hanawa, kuma gadonsa ya tsira. Aikin da zai tsayar da matasan a gida kuwa, yanzu zaɓaɓɓu ake tambaya.