Kushewar Mutanen Da ko Tsibin Makiyaya?

Wanda ya hau tuddan da ke gefen Dallol Boso, tsakanin Damana da Filinge, yakan tarar da tsibin duwatsu nan da can. Wasu na cewa kushewar mutanen da ce, wasu kuma ba su ɗauke su a bakin komai ba. Tambayar tana da tushe, domin kwarin nan ci gaban Azawak ne, ƙasar da binne mamaci ƙarƙashin tulin duwatsu ya daɗe a cikinta. A Ayar da kewayen Ingal, François Paris ya yi nazarin irin waɗannan kaburbura, waɗanda Buzaye ke kira idebnan. Wasunsu sun haura shekara 4000.

Alamar farko faɗi ce. Tsohon kabari yakan baje, faɗinsa mita da dama, sau da yawa da da'irar manyan duwatsu a gindinsa, domin aikin gayya ne. Tsibin da makiyayi ya ɗora don nuna hanya ko rijiya siriri ne, an yi shi don a hango shi daga nesa. Na biyu, tsohon tuli ya nutse, ƙasa ta cike tsakanin duwatsunsa, kuma fuskarsu ta yi duhu iri ɗaya. Sabo yana zaune sako-sako, launinsa a haɗe. Inda aka ga siminti ko ƙarfe, to alamar masu awon ƙasa ce. Kabarin Musulmi kuwa siriri ne, tsawonsa daga kudu zuwa arewa, don mamaci ya fuskanci alƙibla, alhali mutanen da sukan kwantar da gawa a naɗe.

Duk da haka ido zato yake bayarwa. Tabbaci sai da haƙar masana da awon karbon 14. Maƙabartar Bura, a yankin Tera, an gano ta a 1975, amma sai da Bube Gado na cibiyar IRSH ya haƙa ta a 1983 aka san darajarta. Daga baya ɓarayin kayan tarihi suka yi wa wuraren yankin wasoso. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta kare irin wannan gado.

Don haka malami ko ƙungiyar da ta ga tsibi, ta auna faɗinsa, ta ɗauki hotonsa, ta tambayi dattawa sunan wurin, sannan ta sanar da IRSH a Yamai. Kada a ɗaga dutse ko ɗaya, domin kabarin da aka tone ba bisa ƙa'ida ba, shaidarsa ta tafi ke nan.