Olsa: tunani ne ke kawo ta ko ƙwayar cuta?

Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

A Arewa da wuya ka sami gidan da babu mai "olsa". Wannan ya ce yunwa ce ta sa masa, wancan ya ce yaji ne, wata ta ce tunani ne da baƙin cikin kishiya. Su kansu likitocin duniya sun yi kusan shekara 200 suna wannan musun, kuma sau biyu suna bugun ƙirji cewa sun kai ƙarshen magana. Bari in ba ku tarihin.

Harbin bindiga ne ya buɗe labarin. Ranar 6 ga Yuni 1822, a tsibirin Mackinac da ke Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure a shagon 'yan kasuwar fatu, ta sami wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen hagu. Likitan soja William Beaumont ya duba shi, ya ce wannan ba zai kai labari ba. Sai ga shi ya rayu. Amma ramin bai rufe ba. Bakin tumbinsa ya manne da fatar waje ya warke a haka, ya zama tamkar taga.

Beaumont ya ga banza ta faɗi. Sai ya riƙa ɗaure ɗan nama ko burodi a zaren siliki, ya zura ta ramin, bayan wani lokaci ya jawo ya ga iya narkewar da ya yi. Gwaji 238 ya yi, ya fitar da littafi a 1833. A ciki ya rubuta abin da ya shafe mu: duk lokacin da St. Martin ya fusata ko ya tsorata, fatar cikin tumbin tana sauya kama, wani sa'in ta yi ja ta bushe, wani sa'in ta koɗe, narkewar abinci kuma ta ja baya.

Wato da idonsa ya ga ɓacin rai yana aiki a cikin tumbi. Kuma ni a ganina rabin wannan fushin shi Beaumont ɗin ne sanadinsa. Talaka ne marar karatu aka mayar da shi kayan gwaji kuma yaron gida, har ya sha gudu ya koma Kanada. Da ya rasu a 1880, iyalansa sai da suka bar gawar ta fara ruɓewa kafin su binne, don kada likitoci su zo su tone.

Daga nan hankali ya koma kan asid, ruwan tsamin nan da tumbi ke fitarwa. A 1910 wani likitan fiɗa, Karl Schwarz, ya kafa ƙa'idar da ta mulki fagen na tsawon shekaru: inda babu asid, babu gyambo. A 1915 Bertram Sippy na Chicago ya fito da tsarin ba wa marar lafiya madara da kirim kowace awa ɗaya, tare da maganin kashe kaifin asid. Idan kakarka ta ce ka sha madara olsa za ta kwanta, ta yi daidai da manyan asibitocin Amurka na wancan zamani. Matsalar dai, madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci ne, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid.

To amma me ke sa asid ya yi yawa? Nan ne "tunani" ya shigo da ƙarfinsa.

A 1936 Hans Selye, a birnin Montreal, ya lura cewa ko da me ka azabtar da ɓera, sanyi ne, guba ce, gudu ne ba hutu, sakamakon iri ɗaya ne. Wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda suna kumbura, sassan garkuwar jiki suna motsewa, tumbi kuma yana yin gyambo. Shi ne ya yaɗa kalmar nan ta Turanci da matasa ke yawan faɗa yanzu idan abubuwa sun yi musu yawa.

Sai masu nazarin halayyar ɗan Adam suka karɓe zancen, suka kai shi inda bai kamata ba. A 1950 Franz Alexander ya lissafa cututtuka bakwai da ya ce rikicin zuci ne tushensu, ciki har da olsa, asma da hawan jini. A cewarsa mai olsa mutum ne da a can ƙasan ransa yake son a lallashe shi a ciyar da shi kamar jariri, amma ya danne wannan buri da nuna shi gwarzo ne mai neman na kansa. Ku duba fa. Mutum na murƙususu da ciwon ciki, ana ce masa matsalar daga yadda ya taso da mahaifiyarsa ne.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na birai, na Joseph Brady, 1958. Ya ɗaure birai biyu-biyu a kujeru, lantarki na jan su duk bayan daƙiƙa 20. Ɗaya yana da makunni a gabansa, idan ya danna a kan lokaci su duka biyun sun tsira. Ɗayan kuwa ba shi da ta cewa, sai yadda ta yiwu. Biran da ke riƙe da makunni su ne suka yi gyambo suka mutu. Jaridu suka ɗauka: olsa ciwon manya ce, ciwon manaja da darakta, masu ɗauke da nauyin yanke hukunci. Har ta zama abin taƙama.

Ashe akwai lam'a a gwajin. Birai takwas ne kacal, kuma ba ƙuri'a aka yi wajen raba musu aiki ba. Birin da ya fi saurin koyon danna makunni shi aka ba "kujerar oga", wato tun asali an zaɓo waɗanda suka fi firgita. Da Jay Weiss ya maimaita da ɓeraye wajen 1970, ya yi rabon yadda ya kamata, sai sakamako ya juye. Ɓeran da ba shi da iko a kan abin da ke samunsa shi ya fi yin gyambo. Wannan ɓangaren ya fi tsaya min a rai, don ya fi kama da rayuwar da muka sani. Ogan da ke sa hannu a takardar albashi da leburan da bai san ranar da za a biya shi ba, wa ya fi kwana da zullumi?

A gefe guda harkar magani ta zama kasuwa. Tun 1943 Lester Dragstedt ya fara yanke jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tumbi don asid ya ragu, wasu kuma a yanke musu wani sashe na tumbin gaba ɗaya. A 1976 Tagamet ya fito, Zantac ya biyo baya a 1981 har ya zama maganin da ya fi kowanne ciniki a duniya. Suna warkar da gyambon kuwa. Amma da ka daina sha, yawanci ciwon ya dawo. Ga kamfani, babu kwastoman da ya kai wannan.

Akwai wani bawan Allah da tarihi ya kusa mantawa da shi: John Lykoudis, likita a wani ƙaramin gari a Girka. A 1958 ya yi wa kansa maganin olsa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya ga ya warke, ya ci gaba da ba dubban mutane. Hukumomi suka ƙi sauraronsa, ƙarshe ma tara aka ci shi. Ya rasu a 1980, saura ƙiris a tabbatar da maganarsa.

Dalilin ƙin yarda shi ne duk littattafai sun ce babu abin da zai rayu a cikin asid ɗin tumbi. A 1979 Robin Warren, mai duba naman jiki da madubin likita a asibitin Royal Perth na Ostireliya, ya fara ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa kwance a fatar tumbi, kuma duk inda suke akwai kumburi. A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka duba mutum 100. Cikinsu 13 na da gyambo a farkon hanji, kuma duka 13 ɗin suna ɗauke da ƙwayar.

Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji ya yi ta ba su wahala, saboda ma'aikata na zubar da faranti bayan kwana biyu idan ba su ga komai ba. Sai hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar wani faranti ya yi kwana biyar. Da aka dawo, ga ta ta tsiro. Ita dama mai jinkirin girma ce. Dabararta kuwa, tana fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya a kewayenta ya kashe kaifin asid, sannan ta nutse cikin majinar da ke lulluɓe da fatar tumbi. Sunanta a yau Helicobacter pylori.

Manya suka yi musu dariya. A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu ta ƙi karɓar takardarsu. Marshall ya gwada sa wa aladu cutar, ba ta kama ba. A 1984, yana ɗan shekara 32, ya ɗebo ƙwayar da aka raina daga cikin wani marar lafiya ya kwankwaɗe, ko matarsa bai gaya wa ba. Cikin 'yan kwanaki ya fara tashin zuciya da amai, baki na wari. Da aka zura masa na'urar leƙa ciki aka tarar tumbin da yake lafiya lau ya kumbura, ga ƙwayar ko'ina. Ya sha magani ya warke.

Abin da masu ba da labarin nan ke yawan tsallakewa: Marshall bai yi gyambo ba, kumburi ya yi. Hujjar da ta rufe bakin kowa ta zo ne daga gwaje-gwajen da suka nuna idan an kashe ƙwayar, gyambon ba ya cika dawowa. A 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince, a shekarar kuma aka sa ƙwayar cikin jerin abubuwan da ke jawo kansar tumbi. A 2005 Marshall da Warren suka karɓi kyautar Nobel.

Shi ke nan sai aka koma ɗaya ƙarshen. Yanzu duk wanda ya ce damuwa na da hannu a olsa sai a kalle shi kamar ɗan gargajiya. To, a nan ne Arewacin Najeriya ya shigo labarin.

A 1992 wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya fitar da sakamakon gwajin jinin mutanen yankin. Kusan kashi 85 cikin 100 na ɗauke da alamar ƙwayar, yawancinsu tun suna yara suka kamu. Amma gyambo da kansar tumbi da ake gani ba su kai yadda wannan adadi zai sa a yi tsammani ba. Ya kira abin da ɗaurin kan Afirka. Daga baya wasu masana suka ce ba wani ɗaurin kai, ƙarancin na'urar leƙa ciki ne ya sa ba a ganin masu gyambon. Har yanzu ana wannan musun. Abin da ba a musu a kai shi ne, kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ƙwayar, kuma ɗaya ne ko biyu cikin goma ke yin gyambo. Me ya bambanta su da sauran?

Wani ɓangare irin ƙwayar ne, don wasu nau'o'in sun fi wasu mugunta. Wani gado ne. Amma tunani bai fita daga lissafi ba. Lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan a 1940 da 1941, asibitoci sun ga ƙaruwar masu gyambon da ya huda ciki. Bayan girgizar ƙasar Kobe a Japan, ranar 17 ga Janairu 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,000, masu gyambo mai zubar da jini sun ƙaru, musamman tsofaffi. Ba sabuwar ƙwaya ce ta sauka garin a daren ba. Tana cikinsu tun tuni, tashin hankali ne ya buɗe mata ƙofa.

A 2015 Susan Levenstein da abokan aikinta suka fitar da nazarin mutum sama da 3,000 a Denmak da aka bi diddiginsu shekara 11 zuwa 12. Waɗanda suka fi damuwa sun ninka masu kwanciyar hankali wajen yin gyambo, ko suna da ƙwayar ko ba su da ita. Kuma wani kaso na wannan bambanci ta hanyar hali ya biyo: mai damuwa ya fi shan taba, ya fi rashin barci, ya fi haɗiyar maganin ciwon jiki.

Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau. Bayan ƙwayar, babban mai jawo gyambo shi ne magunguna irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, don suna rage sinadarin da ke sa tumbi ya yi majinar kare kansa. Ku tuna makon jarrabawa a hostel: ba barci, shayi mai kauri tsakar dare, ciwon kai, a leƙa kemis a ce "haɗa min", a haɗiye da ciki wayam. Idan ciki ya ɗauka sai a ce karatu ne ya kawo olsa. Karatun ya sa hannu, amma ta hannun mai kemis ya bi.

Sannan da yawa cikin masu cewa suna da olsa, idan aka leƙa cikinsu ba a ganin gyambo ko ɗaya. Ba ƙarya suke ba, zafin na gaske ne. Jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ciki ne suka zama masu saurin jin zafi, kuma damuwa na ƙara hura su. Irin wannan kana iya shekara biyar kana shan omeprazole da farin ruwan nan na kwalba ba ka rabu da shi ba. Wani kuma ƙwayar ce ke cinsa, ana ta ce masa ya rage tunani, alhali gwajin bayan gida ko na numfashi zai nuna ta, maganin kamar mako biyu kuma ya kashe ta. Daga waje su biyun kukansu ɗaya, "cikina kamar an hura wuta".

Wanda kuwa ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci na tsaya masa in ya haɗiya, wannan ya wuce a zauna ana musun tunani ne ko ƙwaya. Asibiti zai nufa a ranar.