Rance da Rabon Arziki a Kakuri da Makera, 1957 zuwa 2007

A wannan takarda muna so mu duba dalilin da ya sa ma'aikatan masaƙun kudancin kogin Kaduna suka shekara da shekaru suna karɓar albashi, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka tara abin kansu. A ganinmu, babban dalili shi ne wanda ake ba rance da wanda ake hana.

A 1957 ne aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo, har Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da baƙi masu neman aiki. Galibinsu ɗakin haya suka kama. Banki kuwa ba ya ba da lamuni sai da jingina, watau takardar mallakar fili ko gida, abin da ɗan haya ba shi da shi.

Wannan bambanci ya fito fili a 1972, sa'ad da gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar mayar da wani kaso na kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, aka kuma faɗaɗa ta a 1977. Hannun jari sai da tsabar kuɗi ake sayensa. Attajirai da manyan ma'aikatan gwamnati suka ci rance a banki suka saya, ribar da jarin ke kawowa ta riƙa biyan bashin. Ma'aikacin da ke kwana a bakin injin saƙa bai sami wannan ƙofa ba.

To, ina shi ya dogara? Ga adashi, da ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, da mai kanti ko mai tuwo da ke rubuta masa bashi zuwa ƙarshen wata. Bai kamata mu raina adashi ba, domin ba shi da kuɗin ruwa, kuma da kwasarsa wasu suka sayi fili a bayan gari, ko keken ɗinki domin uwargida. Sai dai abin da aka zuba shi ake kwasa, kuma duk waɗannan hanyoyi a kan albashin masaƙa suka jingina.

Bankin Jama'a da aka kafa a 1989, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ya ba da ƙananan basussuka ba tare da jingina ba, amma a 2000 aka haɗe shi da bankin manoma mai hedkwata a Kaduna. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, adashin da bashin mai kanti suka tsaya tare da albashin. Wanda ya riga ya yi gini ya koma karɓar kuɗin haya. Da yawa daga ma'aikatan KTL kuwa suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama.