Jarrabawar Shiga Aikin Gwamnati a Ghana: Abubuwan da Suka Canja Tun Bayan Buga Tsohon Littafinka

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar ma'aikata, matasan Choggu da sauran unguwannin Tamale sukan nemi ƙananan littattafan tambaya da amsa, ko su turo wa juna tsofaffin tambayoyi ta WhatsApp. Yawancin waɗannan takardu ba ƙarya suka yi ba a ranar da aka rubuta su, sai dai ranar ta wuce. Littafin da ya ce Ghana na da yankuna goma, ko kujerun majalisa 275, ko ƙasashen ECOWAS 15, zai iya kayar da mai ƙoƙari a tambayar da ya ɗauka kyauta ce. Wannan bayani ya tattara wuraren da amsa ta sauya, tare da dalilin sauyin, domin wanda ya san dalili ba ya saurin manta adadi.

Wace hukuma kake nema?

A fara da wannan, don masu ganawa da 'yan takara suna son ta. A bakin jama'a duk mai karɓar albashin gwamnati ma'aikacin gwamnati ne. A doka akwai bambanci. Sashe na 190 na kundin tsarin mulkin 1992 ya jera hukumomin aikin jama'a, irin su 'yan sanda, ilimi, lafiya, shige da fice da kashe gobara, kuma aikin ma'aikatu guda ɗaya ne kawai a cikinsu. Shi ne wanda dokar PNDCL 327 ta 1993 ta tsara, kuma ofishin shugaban ma'aikata da ke Accra, wanda ake taƙaitawa da OHCS, shi ke shirya jarrabawar masu digiri da ke son shigarsa. Da Ingilishi ake yin ta, kuma a 'yan shekarun nan ta intanet. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban ma'aikata bisa shawarar Hukumar Ayyukan Jama'a, wato PSC. A kowace ma'aikata minista ɗan siyasa ne mai zuwa ya tafi, babban darakta kuwa shi ne kan ma'aikata.

Masu aiki a majalisun gundumomi suna ƙarƙashin wata hukuma ce dabam, ta ƙananan hukumomi. Wanda ya nemi aiki a ofishin majalisar Sagnarigu da wanda ya nemi Ma'aikatar Kuɗi a Accra ba ƙofa ɗaya suka ƙwanƙwasa ba.

Adireshinka ma tambaya ce

Mutumin Choggu zai ce shi ɗan Tamale ne, kuma ba wanda zai yi masa gardama. Amma a takarda Choggu na cikin majalisar Sagnarigu, wadda aka yanke daga babban birnin Tamale a 2012, aka ɗaga darajarta zuwa majalisar birni a 2018. Daga wannan misali ɗaya ana iya haddace tsarin gaba ɗaya. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta kasa majalisu uku bisa yawan jama'a: gunduma na buƙatar aƙalla mutum 75,000, birni 95,000, babban birni 250,000. Manyan biranen shida ne: Accra, Tema, Kumasi, Tamale, Sekondi-Takoradi da Cape Coast. Jimillar majalisun 261 ne tun da aka ƙirƙiri gundumar Guan a 2021.

Kashi 70 cikin 100 na 'yan kowace majalisa zaɓensu ake yi, ba da tutar jam'iyya ba, sauran 30 shugaban ƙasa ke naɗawa. Shugaban gunduma ma naɗi ne, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a sun amince da shi. An so a yi ƙuri'ar raba gardama ranar 17 ga Disamba 2019 kan shigar da jam'iyyu zaɓen gundumomi, aka soke ta kafin ranar. Kuɗin da gwamnatin tsakiya ke raba wa majalisu, asusun DACF, kundin ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa.

Sai yankuna. Ranar 27 ga Disamba 2018 aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, a farkon 2019 aka kafa sabbin yankuna shida, suka zama 16. Biyu daga jikin tsohon Yankin Arewa aka cire su: Savannah mai hedikwata a Damongo, da Arewa maso Gabas mai hedikwata a Nalerigu. Sauran su ne Oti (Dambai), Ahafo (Goaso), Bono ta Gabas (Techiman) da Yamma ta Arewa (Sefwi Wiawso). Abin da ya rage na Brong Ahafo ya koma Bono, da hedikwata a Sunyani. Tarkon da na fi gani ɗalibai na faɗawa shi ne su ba da garin da ya fi suna a maimakon hedikwata, su ce Walewale a wurin Nalerigu, ko Salaga a wurin Damongo. Wata illar rabon kuma ita ce duk tsohuwar amsa kan faɗin Yankin Arewa ta tashi, domin yanzu Savannah ce ta fi kowane yanki faɗin ƙasa. Ƙidayar 2021 ta ba Ghana mutum miliyan 30.8, Yankin Arewa kuma kusan miliyan 2.3, kuma a wannan ƙidayar ne Greater Accra ta wuce Ashanti a yawan jama'a.

Masu mulki da ranakunsu

Ranakun tushe ba sa motsi: 'yancin kai 6 ga Maris 1957, zama jamhuriya 1 ga Yuli 1960, amincewa da kundin yanzu 28 ga Afrilu 1992, fara Jamhuriya ta Huɗu 7 ga Janairu 1993. Shugabanninta a jere: Rawlings, Kufuor, Atta Mills, Mahama, Akufo-Addo, sannan Mahama kuma. Mahama ya fara hawa ne ranar 24 ga Yuli 2012 da Atta Mills ya rasu a kan mulki.

A zaɓen 7 ga Disamba 2024 John Dramani Mahama na NDC ya samu sama da kashi 56 cikin 100, ya kayar da Mahamudu Bawumia na NPP. Dukansu 'yan arewa ne, ɗaya daga Bole, ɗaya daga Walewale, garuruwan da kafin 2019 duk suna ƙarƙashin Tamale, yau kuwa ɗaya na Savannah, ɗaya na Arewa maso Gabas. Farfesa Jane Naana Opoku-Agyemang ita ce mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasa. Majalisar dokoki ta tara ta zauna da kujeru 276, saboda ƙarin mazaɓar Guan, kuma Alban Bagbin ya ci gaba da zama kakaki, muƙamin da ya fara riƙewa a Janairu 2021. Sabuwar gwamnati ta rage ma'aikatu daga 30 zuwa 23. Ga mai neman aikin ma'aikata wannan ba labarin nesa ba ne, domin sunan ma'aikatar da zai ambata a ganawa yana iya kasancewa an haɗe shi da wani.

Abubuwa biyu na 2025 sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, a watan Afrilu aka dakatar da Babbar Jojin Ƙasa Gertrude Torkornoo, aka sauke ta ranar 1 ga Satumba, Paul Baffoe-Bonnie ya gaje ta. Mai tambaya ba ra'ayinka yake nema ba kan ko an yi daidai. Hanyar yake so ka sani, wato sashe na 146: a kai koke ga shugaban ƙasa, ya duba shi tare da Majalisar Dattawan Ƙasa, idan an ga akwai abin bincike a kafa kwamitin mutum biyar, kuma shugaban ƙasa ya yi aiki da shawarar kwamitin. Na biyu, haɗarin jirgi mai saukar ungulu na 6 ga Agusta a hanyar Obuasi, wanda ya ci rayuka takwas, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Mohammed, ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya, Allah ya jiƙan su. Duk jerin ministocin da aka buga kafin wannan rana yana da gyara.

Ranakun hutu ma sun motsa. Gyaran dokar 2025 ya cire 4 ga Agusta, ya mayar da ranar tunawa da wanda ya kafa ƙasa zuwa 21 ga Satumba, ranar haihuwar Kwame Nkrumah, ya dawo da hutun 1 ga Yuli, ya kuma ƙara hutu washegarin ƙaramar salla.

Tattalin arziki

Nan ne adadi ke ruɓewa da sauri, don haka a riƙe jerin abin da ya faru. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, kuma a watan ne gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma fara musayar takardun bashin cikin gida. A Mayu 2023 Asusun Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da shirin dala biliyan 3 na shekara uku. Harajin tura kuɗi ta waya, e-levy, ya fara a Mayu 2022 da kashi 1.5, ya sauka zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilu 2025. A shekarar kuma aka kafa hukumar zinariya, GoldBod, ta karɓi sayen zinariyar ƙananan masu haƙa da fitar da ita. Wanda ya fahimci wannan zai iya haɗa batun galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da ke gurɓata koguna irin su Pra da Ankobra, da batun darajar sidi. Hukumar ƙididdiga, GSS, ita ke fitar da adadin hauhawar farashi kowane wata, Babban Bankin Ghana kuma ke yanke kuɗin ruwa. Waɗannan adadi biyu a duba su a makon jarrabawa, kada a haddace su tun da wuri.

Maƙwabta

Masu karatunmu na Maradi da Yamai da ke shirin gasar shiga aiki a nasu ɓangaren sun fi ɗan Tamale sanin wannan babi, kuma abin mamaki ne, tunda daga Tamale zuwa iyakar Paga tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma albasar Nijar da tumatirin Burkina ta nan suke bi zuwa Kumasi. An kafa ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. Mali da Burkina Faso da Nijar sun ƙulla ƙawancen AES ranar 16 ga Satumba 2023, suka sanar da ficewa ranar 28 ga Janairu 2024, suka mayar da ƙawancen tarayya a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Saura ƙasashe 12. A lura, ranar sanarwa dabam, ranar tabbata dabam, kuma masu tsara tambaya suna son sa su biyun a zaɓi ɗaya. Ficewar ba ta fitar da ƙasashen uku daga UEMOA da kuɗin sefa ba. Ghana dai ba ta cikin wannan ƙungiya duk da cewa maƙwabtanta uku, Kwaddibuwa da Burkina Faso da Togo, suna ciki.

Sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, AfCFTA, tana Accra, kuma an buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. Tsohuwar ministar harkokin waje Shirley Ayorkor Botchwey ta zama babbar sakatariyar ƙungiyar Commonwealth daga 1 ga Afrilu 2025. Kofi Annan ya jagoranci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006. Shugabancin ECOWAS da na Tarayyar Afirka kuwa karɓa-karɓa ne, sunan da ke littafin bara da wuya ya zama na bana.

Abin da ya shafi arewa

Ɗan takarar da ya ce daga Tamale yake, ya shirya a tambaye shi gida. Rikicin sarautar Dagbon tsakanin gidajen Abudu da Andani, wanda ya kai ga kashe Ya-Na Yakubu Andani II a Yendi a Maris 2002, ya lafa ne da naɗin Ya-Na Abukari II a Janairu 2019, bayan shekaru na aikin kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II. Shi ne kuma aka ɗora wa sasanta rikicin Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi. A irin wannan tambaya a faɗi abin da ya faru da hukumar da ke da hurumi, a bar ɓangaranci a gida. Kundin ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, haka ma ƙa'idar aiki ta hana ma'aikacin ma'aikata, kuma masu ganawa suna auna wannan tun daga yadda mutum ke amsawa.

Ambaliyar da kan ci gonaki a bakin kogin Volta Fari wajen Agusta da Satumba tana da alaƙa da buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kada a rikita ta da sakin ruwan Akosombo na 2023 da ya shafi ƙasan Yankin Volta. Hukumar bala'o'i ita ce NADMO. Jami'ar UDS da aka kafa a 1992 ta rabu da rassanta na Wa da Navrongo, waɗanda suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Hukumar SADA kuma an maye gurbinta da Hukumar Raya Arewa a ƙarƙashin dokar 2017.

Inda za a sabunta amsa

Kundin 1992 yana nan kyauta a intanet, kuma babi na 5 kan haƙƙin ɗan Adam, na 6 kan manufofin ƙasa, na 14 kan aikin jama'a da na 20 kan ƙananan hukumomi sun fi littattafan kasuwa goma amfani. A dai sa ido, domin a Janairu 2025 an kafa kwamitin sake duba kundin ƙarƙashin Farfesa H. Kwasi Prempeh, kuma shawara ba ta zama doka sai ta bi matakan gyara. Jawabin kasafin kuɗi da jawabin shugaban ƙasa kan halin da ƙasa ke ciki su ne ke tara adadin shekara wuri ɗaya. Ga labarin kullum akwai Daily Graphic, kamfanin dillancin labarai na GNA da GBC. Sashen Hausa na BBC, RFI da DW suna taimakawa wajen fahimtar Sahel, amma tunda da Ingilishi za a amsa, duk sunan hukuma da aka ji da Hausa ko Faransanci a nemi yadda takardun Ghana ke rubuta shi. Sanarwar ɗaukar aiki kuma a tabbatar da ita a shafin OHCS kansa kafin a cike komai, musamman idan wani ya nemi a tura masa kuɗi ta waya da alƙawarin zai sa suna a jeri.