Daga Gizago Zuwa Magogin Katako: Tarihin Aikin Kafinta a Zariya

A dogon hutun da ya wuce na shiga shagon wani kafinta a Samaru don in taɓa sana'a. Ran farko sai maigidan ya miƙo mini magogi da wani katako da ya murɗe, ya ce in daidaita fuskarsa. Na yini ina turawa. Can da la'asar katako ya rame, amma murɗewa tana nan. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan jami'a, ai ido ke gugar katako kafin hannu." Abin da ya sa ke nan na shiga bin diddigin yadda wannan ƙarfe ya shigo ƙasar Zazzau.

Kafin zuwan Turawa, mai aikin itace a ƙasar Hausa shi ne masassaƙi, kayan aikinsa kuwa gatari da gizago. Shi ke fid da turmi daga kirya, allo daga aduwa, da akushi da ƙota da kujera 'yar tsugunne. Kada a ce bai san shimfiɗaɗɗen itace ba, don duk wanda ya shafa allon makarantar allo ya san gwanintar gizago. Amma fa kowane abu daga gungume guda ake sassaƙo shi. Ko Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846), da ƙasa da azarar giginya aka ta da shi.

Shi magogi tsohon abu ne a wasu ƙasashe. An tono irinsa a kangon birnin Fomfei na Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Na ƙarfe mai kunnen juyawa, wanda muka fi gani, Leonard Bailey na Amurka ne ya ƙago fasalinsa, kamfanin Stanley kuma ya sayi haƙƙinsa a 1869.

Abin da ya kawo shi gare mu jirgin ƙasa ne. A 1911 layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano, daga baya aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos. Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, ya cika da ma'aikata daga Kudu, har da mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana yanzu. Cikinsu akwai kafintoci. Jirgin da ya kawo su shi ya riƙa kawo yankakken katako daga dazuzzukan Kudu. To, ofis yana son tebur, makarantar boko tana son benci, gidan kwano yana son ƙofa da taga. Duk waɗannan haɗa su ake yi, katako biyu kuwa ba sa haɗuwa sai fuskarsu ta miƙe sumul. Nan gizago ya ja baya. Su kalmomin ma shaida ne, watau kafinta da tebur da benci da kabad, duk aro ne daga Ingilishi.

Hausawa ba su tsaya kallo ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, har da aikin kafinta. Wasu kuma a hannun baƙin Sabon Gari suka koya. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai Samaru ta zama kasuwar kujeru da gadaje da teburin karatu.

Yadda ake koyon kuwa bai sake ba. Da fari yaro zai wasa bakin magogi a dutse har ya iya aske gashin hannu. Sa'an nan ya kanne ido ɗaya ya hangi katakon daga ƙarshe, ya gane tudu da kwari, ya shata tudun da fensir. Sai ya bi ta karkace ya kashe tudun, kana ya bi tsawon katako yadda jijiyarsa ta kwanta. In ya saɓa mata, sai katako ya yage. Kuskurena shi ne na bi tudu da kwari bai ɗaya, shi ya sa na yi aikin baban giwa.

Yau a kasuwar katako ta Sabon Gari inji ke cinye aikin yini cikin 'yan mintoci, yara da yawa kuma suna fita daga koyo ba su iya wasa baki ba. Amma ran da aka ɗauke wuta, ko ƙofa ta kumbura da damina, sai a koma neman tsohon magogi da wanda ya iya shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai. Masassaƙa da tsofaffin kafintoci suna nan kusa da mu, da sunayen kayan aikinsu da tarihin iyayen gidansu a ka. Mu je mu rubuta tun suna raye, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.