Tafiyar 'Yan Taru Da Ƙarfin Jikin Kakanninmu

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da ya shafi gwiwoyinmu da bayanmu.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakinmu. Da mace ta haura arba'in, ta aurar da 'ya ɗaya ko biyu, sai ki ji ana cewa, "Hajiya ai sai hutu." A shimfiɗa mata tabarma, a miƙo buta, a miƙo abinci, ko tsinke ba za ta ɗaga ba. Mu a wurinmu gata ne. To amma kakanninmu ba haka suka ɗauki waɗannan shekaru ba.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙanta, an haife ta wajen 1793. Tana yarinya aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, don haka ta san tafiya tun da ƙuruciya. Da ta girma ta zama malama a gidan mijinta Waziri Giɗaɗo, sai ta lura matan ƙauye ba su da hanyar samun karatu. Masu ƙananan shekaru suna ɗakin aure, ga goyo ga girki, ba halin fita. Sai ta dubi waɗanda suka manyanta, suka daina haihuwa, ta ce su ne za su riƙa zuwa su ɗauko ilimin su kai wa na gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Shugabar kowace tawaga sunanta Jaji, kuma Nana da kanta take naɗa ta, ta ba ta malfa da jan rawani.

Ku dubi aikin da aka ɗora wa waɗannan dattijai. Daga ƙauyukansu suke tasowa a ƙasa, tare da 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba, ɗauke da tsarabar zuma da man shanu da hatsi. Wasu sai sun kwana a hanya kafin su iso. Kuma ba tafiyar ƙunci ba ce. Jaji na gaba da malfarta, ana tafe ana rera waƙoƙin wa'azin da Nana ta tsara, ana hira, a huta a gindin bishiya a sha fura. Mace ta bar jikoki da kishiyoyi na 'yan kwanaki ta ga gari, wa zai ce ba daɗi? In sun koma gida kuma sabon aiki ne: koyar da mata alwala da salla, jinyar marasa lafiya, wankan gawar mata. Bayan rasuwar Nana a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tafiyar.

Na san wata za ta ce, to mu da muke kulle fa? Ai na cikin gidan ma a da ba zaune suke ba. Kafin injin niƙa ya shigo unguwanni, tuwon dare sai an yi surfe, an yi bakace, an durƙusa gaban dutsen niƙa. Ruwa sai an ja guga. Kuma sun san yadda za su mai da wahala wasa: mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, maƙwabta na jin sautin sun san gidan ana raha. Ranar biki a kife ƙwarya a ruwa, a yi kiɗan amada, tsofaffi su ne kan gaba wajen rawa. Wadda ta taɓa ganin marigayiya Barmani Coge, da ta rasu a 2013, ta san tsufa bai hana ta juyi ba.

Injin da famfo da babur sun raba mu da wahala, kuma ba mai cewa a koma dutsen niƙa. Sai dai sun tafi da motsin, ba mu sa komai a gurbinsa ba, ga hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa sun samu wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗan sa numfashi ya ɗaga. In kin raba, minti 30 ne sau biyar.

Wannan kuwa tsakar gida ta isa. Bayan la'asar in rana ta yi sanyi, ki ja abokiyar zamanki ko surukarki ku riƙa zagayawa da ɗan sauri kuna hira. Ki karɓi tsintsiya a hannun yaran wani lokaci, ki daka yajinki da kanki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ta fara tambayar likita in ta je asibiti. In kuma maigida ya yi dariya, Hajiya, ki tuna masa hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu: na farko ta wuce shi, na biyu, bayan ta yi jiki, ya wuce ta.